Caca a Tsakiyar Teku: Wa Ke Duba Teburin Blakjak?

 



Gabatarwa

Batun da zan yi magana a kansa yau zai ba wasu mamaki. Zan yi magana ne a kan adalci da doka a wasan kartar da ake kira blakjak, a gidajen cacar da ke cikin manyan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa. Kafin in shiga, bari in faɗi matsayina a fili. Caca haramun ce a Musulunci, hukuncinta yana nan a Suratul Baƙara da Suratul Ma'ida, kuma babu gyaran dokar da zai mayar da ita halal. Ban zo in koya wa kowa yadda zai ci ba. Na zo ne saboda wannan ɗan tebur mai kujeru bakwai yana fito da wata babbar matsala ta zamaninmu ƙarara: abin da ke samun mutum idan ya shiga ciniki a wurin da babu wata hukuma da take ganin alhakin kare shi a wuyanta yake.

Haramcin abu ba ya halatta zaluntar wanda ya faɗa cikinsa. A shekarar 2023 mutum sama da miliyan 31 ne suka yi tafiya a irin waɗannan jirage. Mafi girmansu, kamar Icon of the Seas da ya fara aiki a 2024, yana iya ɗaukar fasinja 7,600, ban da ma'aikata. Gari ne guda a kan ruwa, kuma kusan kowane irin wannan gari yana da gidan caca a tsakiyarsa.

Yadda wasan yake, da inda ribar gida take

Kwalin karta yana da kati 52. A blakjak kowane kati yana cin lambarsa, masu hoto kowanne goma ne, mai harafin A kuma ɗaya ne ko 11, gwargwadon wanda ya fi yi wa mai shi amfani. Ɗan wasa ba da sauran mazauna teburin yake karawa ba, da mai rabon kati yake karawa, shi kuwa ma'aikacin gidan ne. Abin da ake nema shi ne mutum ya fi mai rabo kusa da 21 ba tare da ya zarce ba. Mai rabo ba shi da zaɓi: dole ya yi ta jan kati har ya kai 17, sannan ya tsaya.

To, ina ribar gida take? Tana cikin wanda ke fara ja. Ɗan wasa ne ke farawa, kuma da zarar ya zarce 21 an kwashe kuɗinsa, ko da mai rabo shi ma zai zarce daga baya. Wannan kaɗai ya ba gida rinjaye mai yawa. Don kada mutane su guje wa teburin, sai aka yi musu rangwame. An yarda mutum ya ninka kuɗin da ya zuba idan ya ga hannunsa ya yi kyau. An yarda ya raba kati biyu masu lamba ɗaya su zama hannu biyu. Babban rangwamen kuwa shi ne, duk wanda katinsa biyu na farko suka ba da 21 cif, za a biya shi uku a kan kowane biyu da ya zuba. Wanda ya zuba dala 10 zai ci dala 15.

A 1956 wasu sojojin Amurka huɗu, Roger Baldwin da abokansa uku, suka zauna da injin lissafi na tebur suka fitar da matakin da ya fi dacewa a kowane hannu. A 1962 malamin lissafi Edward Thorp ya ɗora a kan aikinsu da taimakon kwamfuta, ya buga littafinsa Beat the Dealer, inda ya nuna cewa wanda ke lura da katunan da suka riga suka fita yana iya sanin lokacin da ragowar suka karkata gare shi. Daga nan aka san ainihin lissafin wasan. Idan ƙa'idojin tebur masu kyau ne, mutum kuma bai yi kuskure ko sau ɗaya ba, ribar gida ba ta wuce kusan rabin kashi 1 cikin 100 na kuɗin da aka zuba. Ku riƙe wannan adadi, domin da shi za mu auna sauran.

Inda ake tauye mudu

Tambayar da fasinjoji suka fi yi ita ce: shin ana maguɗi? Ana cire katunan goma daga cikin kwalin? Mai rabo yana da sihirin hannu? Ra'ayina shi ne manyan kamfanoni ba su da dalilin yin haka. Hannayen jarinsu suna kasuwar New York, sunansu ya fi abin da za su samu a maguɗi tsada nesa ba kusa ba, kuma wasan da kansa yana ba su riba ba tare da sun ɓoye kati ko ɗaya ba. Inda aka fi cutar da mutum a bayyane yake, a rubuce a kan kyallen teburin, sai dai kaɗan ne suka san karatunsa.

Mu da muka taso a kasuwa mun san bambancin ɓarawo da mai tauye mudu. Ɓarawo ɗauka yake ya gudu. Mai tauye mudu kuwa a gabanka zai auna, ka ƙirga da bakinka, ka biya, ka yi godiya, alhali gindin mudun a bubbuge yake. Haka abin yake a nan.

Tauyewa ta farko, wadda ta fi kowace girma, ita ce canza biyan uku a kan biyu zuwa shida a kan biyar. Ga kunnen da bai saba ba, shida da biyar sun fi uku da biyu girma. Amma wanda ya zuba dala 10, maimakon 15 sai a ba shi 12. Irin wannan hannu yana zuwa kusan sau ɗaya a cikin kowane rabo 21, kuma wannan canji shi kaɗai yana ƙara wa gida kusan kashi 1.4 cikin 100. Wato ribar da ta kasance rabin kashi ta kusa kai kashi 2, ta ninka kusan sau huɗu.

Mu sa shi a lissafin aljihu. Mutum yana zuba dala 10 a kowane hannu, ana raba hannu 60 a awa, ya zuba dala 600 ke nan a awa guda. A tsohuwar ƙa'ida, abin da ake sa ran zai rasa dala 3 ne a awa. A sabuwar, kusan dala 12 ne. Idan ya zauna awa uku kowane dare har dare shida, asarar ta tashi daga dala 54 zuwa sama da 200. Wannan fa ga wanda bai yi kuskure ba ke nan, alhali yawancin masu zama a teburin jirgi 'yan hutu ne da ba su taɓa nazarin wasan ba.

Akwai ƙananan tauyewa da ke biye. Idan aka ce mai rabo ya ƙara jan kati a 17 ɗin da ke da katin A a matsayin 11, gida ya ƙara kusan kashi 0.2. Idan aka haɗa kwali shida ko takwas maimakon ɗaya, ya ƙara kusan rabin kashi. Akwai kuma tayin da ake kira inshora, wanda ake yi wa mutum idan katin mai rabo na sama A ne: ya zuba ƙarin kuɗi a kan cewa katin da ke kife goma ne. Katunan goma 16 ne cikin 52, ba su kai kashi ɗaya bisa uku ba, ana kuma biyan biyu a kan ɗaya, don haka ribar gida a wannan tayi ta kai kusan kashi 7 cikin 100. Sannan ga na'urar da ke cakuɗa kati ba tsayawa. Tana hana lura da katunan da suka fita, tana kuma kawar da hutun da ake samu lokacin da mai rabo ke cakuɗawa da hannu. Hannaye sun ƙaru a awa, asara ta ƙaru da su.

Gaskiya ɗaya ce, ba a teku aka ƙirƙiro biyan shida a kan biyar ba. A Las Vegas ya yaɗu a farkon shekarun 2000, kuma dokar can ba ta hana shi ba. Amma a Las Vegas wanda bai gamsu ba yana iya tashi ya tsallaka titi ya shiga wani gidan. A cikin jirgi gidan caca ɗaya ne tak, ruwa ya kewaye ta ko'ina, tafiyar kuma ta mako guda ce. Gasar da ke tilasta wa ɗan kasuwa ya cika mudunsa babu ita a can.

Tuta da doka

Me ya sa ake kai caca kan ruwa tun farko? Tarihin ya ba da amsa. A 1938 wani tsohon mai fasa-ƙwaurin giya, Tony Cornero, ya girke jirginsa mai suna Rex a gaɓar Santa Monica ta jihar Kalifoniya, ɗan gaba kaɗan da mil uku, inda a lokacin ake ganin ikon jiha ya ƙare. Ƙananan kwale-kwale suna jigilar mutane dare da rana. Don ya kwantar wa jama'a hankali, ya yi shelar zai ba da dala 100,000 ga duk wanda ya nuna akwai maguɗi a jirginsa. Ku lura, tun daga wancan lokaci mai gidan ne ke ba da shaidar kansa. A 1939 babban lauyan jihar, Earl Warren, wanda daga baya ya zama Alƙalin Alƙalan Amurka, ya tura jami'ai su rufe jiragen cacar. Mutanen Rex suka tare su da mesar kashe gobara, aka shafe kwanaki ana zaman kallon-kallo. Kotun ƙolin jihar ta yanke cewa daga bakin mashigin ruwan ake fara awo, ba daga rairayin gaɓa ba, don haka jirgin yana cikin ruwan Kalifoniya. A ƙarshen shekarun 1940 majalisar tarayyar Amurka ta haramta jiragen caca, sai a 1992 aka sassauta wa jiragen yawon shaƙatawa masu tutar Amurka.

Tsarin da ake kai yau ya samo tushe daga Yarjejeniyar Dokar Teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka sa wa hannu a Montego Bay ta Jamaika a 1982. Ta ba kowace ƙasa iko da ruwan da ke gabanta har mil 12 na ma'aunin teku, kusan kilomita 22. A tsakiyar teku kuwa, jirgi yana ƙarƙashin ikon ƙasar da yake ɗauke da tutarta, ita kaɗai. Shi ya sa za ka ga gidan caca a rufe muddin jirgi yana tashar ruwa, sai ya yi nisa da gaɓa a kunna fitilu. Wurare kaɗan, irin su Bamuda da Malta, sun yi dokar da ta yarda a buɗe a tasha idan an karɓi lasisi. Jirgin Pride of America da ke zagaya tsibiran Hawai ba shi da gidan caca ko kaɗan, domin jihar ta haramta ta.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Manyan kamfanonin uku duk daga Miami ake gudanar da su, amma Royal Caribbean rajistarsa a Laberiya take, kamfanin da ya mallaki Norwegian a Bamuda, Carnival kuma ya shafe shekaru masu yawa da rajistar Panama. Jiragensu galibi tutar Bahamas ko Panama ko Malta ko Bamuda suke ɗauke da ita. Rajistar jiragen Laberiya, wadda aka kafa a 1948, tana cikin mafi girma a duniya, amma daga jihar Bajiniya ta Amurka ake tafiyar da ita. Ƙasashen tuta suna duba lafiyar jirgi, da kwale-kwalen ceto, da kayan kashe gobara, da takardun matuƙa, domin yarjejeniyoyin duniya sun ɗora musu wannan. Babu wata yarjejeniyar duniya da ta ɗora musu duba teburin karta. Fasinjan ba ɗan ƙasarsu ba ne, ba ya zaɓe a wurinsu, kamfanin kuwa shi ke biyan kuɗin rajista, yana kuma iya sauya tuta in an matsa masa.

Mai gida ne shaida, shi ne alƙali

Mu kwatanta da tudu. Jihar Nebada ta halatta caca a 1931, ta kafa hukumar sa ido a 1955, ta ƙara hukumar ba da lasisi a 1959. Ana binciken tarihin duk mai neman lasisi. Jami'ai suna iya shiga gidan caca ba sanarwa su karɓi kati ko na'ura su bincika. Idan gardama ta tashi kan kuɗin da suka kai dala 500, wajibi ne gidan ya sanar da hukuma nan take, in ba su kai ba kuma dole ya shaida wa mutum cewa yana da damar neman bincike. Kowane wata hukumar tana buga abin da gidajen suka ci a kowane irin wasa. A New Jersey ma, a shari'ar Ken Uston ta 1982, kotun ƙolin jihar ta ce gidan caca ba shi da ikon korar mutum don ya iya lura da kati, saboda hukuma ce kaɗai ke da hurumin tsara ƙa'idojin wasa.

A teku abin da ke akwai shi ne ƙa'idojin da ƙungiyar kamfanonin jiragen, CLIA, ta gada daga wata ƙungiyar da ta haɗe da ita a 2006. Sun tanadi cewa na'urori su cika ma'aunin Nebada ko na wata hukuma mai lasisi, ƙa'idojin wasa su bi tsarin Nebada ko New Jersey ko Ingila, a samar da su ga mai son dubawa, a rubuta mafi ƙaranci da mafi yawan abin da za a zuba a kowane tebur, manya kaɗai su yi wasa, sannan sashen binciken kamfani ya riƙa duba harkar. Wanda ke da ƙorafi ya kai wa manajan gidan cacar, in bai gamsu ba ya rubuta wa hedkwatar kamfani. A takarda duk suna da kyau. Amma ku bi su ɗaya bayan ɗaya: kamfanoni ne suka rubuta, ma'aikatan kamfani ne ke dubawa, kyamarar kamfani ce ke ɗaukar hoto, ofishin kamfani ne ke yanke hukunci. Ko da kowannensu mai gaskiya ne, fasinja ba shi da hanyar tabbatarwa. Hausawa sun ce ba a ba kura ajiyar nama, kuma ba sai an kama ta tana ci ake hana ta ba.

Akwai misalin da ke nuna cewa ko babu mugun nufi ana buƙatar idon waje. Wani kamfanin ƙera kayan caca ya nemi masana lissafi uku, Persi Diaconis da Jason Fulman da Susan Holmes, su gwada masa sabuwar na'urar cakuɗa kati mai kanta goma. Injiniyoyin kamfanin sun gamsu da ita. Masanan suka gano cewa bayan na'urar ta gama aikinta, mai wayo yana iya cankar kati tara zuwa goma daidai cikin 52, alhali in cakuɗawar ta yi kyau bai kamata ya wuce huɗu zuwa biyar ba. Sun buga sakamakon a 2013. Babu wanda ya yi niyyar cuta, amma na'urar ba ta yi abin da aka ce tana yi ba, kuma sai da baƙon ido ya duba aka gane.

Wani zai ce, ai akwai kotu. A nan ma an riga an sha gaban fasinja. A 1991 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Carnival da iyalan Shute. Matar Shute ta zame ta ji rauni a jirgi a gaɓar Meziko, suka kai ƙara a jiharsu ta Washington. Kotu ta ce sharaɗin da ke cikin ƙananan rubutun tikiti, wanda ya ce a Filorida kaɗai za a yi shari'a, yana nan daram. Tikitoci da yawa a yau sun ƙara da cewa duk ƙorafin da ba na rauni ba sai dai a kai shi gaban mai sasanci, kuma fasinjoji ba za su haɗa kai su shigar da ƙara ɗaya ba. Wa zai tashi daga wata nahiya ya ɗauki lauya a Miami saboda dala 300?

Katin ɗaki da bashi

Akwai wani ɓangare na adalci da ya wuce lissafin kati, shi ne yadda ake bi da raunin ɗan Adam. Kusan kashi ɗaya bisa uku na kuɗin shigar manyan kamfanonin daga abin da fasinja ke kashewa a cikin jirgi yake fitowa: mashaya, shaguna, yawon buɗe ido, da caca. A cikin jirgi ba a cika taɓa tsabar kuɗi ba. Katin da ke buɗe ɗakin kwananka shi ne ke sayen komai, an kuma ɗaure shi da katin bankinka. Mutum yana iya karɓar kuɗin caca a kan asusun ɗakinsa, bai ga abin da ya fita daga aljihunsa ba sai daren ƙarshe. Giya tana kusa, gida yana nesa, babu aikin da zai tashe shi da safe. A Nebada sai mai shekara 21 ke shiga gidan caca, a jirage da yawa kuwa 18 ta isa.

Sannan ga kyauta. Wanda ya zuba kuɗi da yawa sai a aiko masa da tayin ɗaki kyauta a tafiya ta gaba. Ruwa ba ya tsami banza. An riga an lissafa matsakaicin abin da yake zubawa, da awannin da yake zama, da ribar gida a kai, an ga ɗakin bai kai abin da zai bari a tebur ba. A Birtaniya, ƙarƙashin dokar caca ta 2005, an wajabta wa masu lasisi su ba mutum damar haramta wa kansa shiga, kuma tun 2020 an hana yawancin caca da katin bashi. A teku irin wannan kariya ta dogara ne ga abin da kowane kamfani ya ga dama.

Abin da za a iya yi

Kada a ce mana tsakiyar teku ba ta da mai ita, don haka babu yadda za a yi. Jirgi dole ya dawo tasha, kuma ƙasar da ke da tashar tana da ikon gindaya sharaɗi. An riga an yi haka a wasu fannoni. Tun tsakiyar shekarun 1970 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka take shiga waɗannan jirage ba sanarwa, ta duba ɗakin girki da ruwan sha da wuraren wanka, ta ba da maki cikin 100, wanda ya gaza 86 ya faɗi, a kuma buga sakamakon kowa ya gani. Tutar Panama ba ta hana ba. A 2005, a shari'ar Spector, Kotun Ƙoli ta ce dokar kare haƙƙin naƙasassu tana iya hawa kan jiragen da ke da tutar waje idan suna ruwan Amurka. A 2010 Amurka ta yi dokar da ta tilasta musu kai rahoton manyan laifuka da ɗaga tsawon shingen gefen jirgi. Mu ma a yankinmu muna da Yarjejeniyar Abuja ta 1999, wadda a ƙarƙashinta ƙasashen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ke binciken jiragen waje da suka shigo tashoshinsu. Wanda ya iya shiga ya duba tukunya zai iya duba tebur.

Abubuwa huɗu nake ganin sun wajaba. Na farko, duk jirgin da ke ɗaukar fasinja a wata tasha ya nuna shaidar cewa wani ɗakin gwaji mai zaman kansa ya duba na'urorinsa da katunansa, kuma jami'ai su sami ikon shiga ba sanarwa. Na biyu, a rubuta ribar gida a kan kowane tebur da lambobi manya, yadda mutum zai san farashin abin da yake saya kafin ya zauna. Na uku, a kafa mai sauraron ƙorafi da ba ya karɓar umarni daga kamfani, wanda ke da ikon neman hoton kyamara, fasinja kuma ya iya kai masa kuka daga ƙasarsa ba tare da ya biya ko sisi ba. Na huɗu, a raba asusun ɗaki da asusun caca, a hana bashi a tebur, a kuma ba mutum damar ya sa wa kansa iyaka tun kafin ya hau jirgi, iyakar da ba za a ɗage ta da tsakar dare ba.

Kammalawa

'Yan'uwa, kaɗan ne daga cikinmu za su taɓa hawa irin wannan jirgi, amma dabarar da ya dogara a kanta ta riga ta iso aljihun matasanmu. Shafukan caca da yawa da ake shiga ta wayar hannu lasisinsu daga tsibirin Kurasawo ne ko wani wuri mai kama da shi. Kamfani yana wata ƙasa, lasisi yana wata, mai zuba kuɗi yana Kano ko Maraɗi, kuma ranar da aka hana shi abin da ya ce ya ci, babu ƙofar da zai ƙwanƙwasa. A Nuwamban 2024 Kotun Ƙolin Nijeriya ta yanke cewa dokar caca ta ƙasa ta 2005 ba ta hau kan jihohi ba, tsara wannan harka hurumin jihohi ne. Nauyin ya dawo gida ke nan. Jihar da ta haramta, ta sani cewa rufe shago bai rufe waya ba, sai ta haɗa da ilimantarwa da bin hanyoyin da kuɗin ke fita. Jihar da ta halatta kuma, karɓar haraji ba tare da bincike ba amana ce aka ci.

Ku ɗaliban shari'a, ku nazarci yadda ƙasa ke bin haƙƙin ɗanta idan cinikin ya tsallake iyaka. Ku ɗaliban lissafi, ku fitar wa jama'a da waɗannan alƙaluma cikin harshen da suke ji. Ku 'yan jarida, ku riƙa tambayar wa ya ba da lasisi, wa ya duba, ina rahoton yake. Ga wanda kuma zuciyarsa ke raya masa ya gwada sa'a, lissafin da muka yi tare ya ishe shi: ko a teburin da ya fi kowanne kyawun ƙa'ida, a ƙarƙashin hukumar da ta fi kowace tsanani, gida ne ke gaba, kuma tsawon zama ƙara masa rata yake yi. Doka tana iya hana a cuce ka fiye da abin da aka rubuta, amma ba za ta sa ka tashi da riba ba.

Allah Ya tsare mana dukiyarmu da mutuncinmu, Ya shirya mana zuri'armu, Ya ba shugabanninmu ikon tsayar da adalci.